Batirin Babur ɗin Malam

Litinin, 6 ga Janairu, da hantsi

Yau Malam Husaini ya yi magana, alhamdu lillahi. Tun ranar da abin ya faru a kicin, ni da 'yarmu Bebi muke zaune gefen gadonsa muna kallon bakinsa kamar masu duban wata. Yau ya buɗe shi. Na matso na kama hannunsa na hagu, wanda yake jin riƙo. Na ce ko salati zai yi, ko sunana zai kira. Sai bawan Allahn nan ya tattara duk ƙarfinsa ya ce, "Batir."

Aure ya kusa shekara talatin, na bi shi daga Zariya har Greensboro, amma kalmarsa ta farko batir ce.

Bebi ta yi dariya har sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ta ce, "Mama, he means the bike." Na ce ai na gane, ba kurma ba ce ni. Baƙin babur ɗinsa yake nufi, wanda yake garejinmu na McLeansville. Duk shekara in sanyi ya shigo yakan ajiye shi ya jona masa wata 'yar caja har zuwa Maris. Bana ya yi ta cewa sai ƙarshen mako, abin ya riga shi.

Na ce masa, "Na ji, Malam. Batirinka ba zai mutu a hannuna ba." Ya lumshe ido. Na fita baranda na yi kuka na yi dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Laraba, 8 ga Janairu, bayan azahar

An mayar da shi sashen da ake koya wa mutane tafiya da riƙe cokali. Mai kula da shi sunanta Nanven, 'yar Filato ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Da ta ce, "Baba, ina gajiya?" sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Ta ja ni gefe ta faɗa mini gaskiya. In ya yi ƙoƙari a makonnin nan, hannun dama ya fara amsawa, gida za a sallame shi. In bai yi ba, za a kai shi gidan jinya na dogon zama. Na san irin gidajen nan, na yi aiki a ɗaya. Mijina ba zai je can ba.

Sai dai ba ya cin abinci. Nanven ta sa masa cokali a hannun hagu, ya kalle ta kamar ta zage shi. Na ce in ba shi a baki, ya juya fuska bango. Mutumin da ko alawa ba ya karɓa da hagu. Kunu kawai yake zuƙa da tsinke, shi ma sai an juya masa baya.

Alhamis, 9 ga Janairu, da yamma

Ni da Bebi mun shiga gareji. Ban taɓa tsayawa na ƙare wa babur ɗin nan kallo ba sai yau, ashe ƙato ne. Bebi ta san kansa, uban ya koya mata a ɓoye, yau asirinsu ya tonu. Ta zaro wata waya daga ƙarƙashin sirdi ta haɗa da cajar, ta sa a soket, wata 'yar fitila ta kama da ja. Ta ce ja yana sha ke nan, kore ya ƙoshi.

Na ce ta nuna mini yadda ake tayar da shi, ko don wata rana. A murɗa makulli, a damƙe kuloci, a danna maɓalli. Da ya yi gurnani sai da na ja baya na taka bokiti.

Gobe za ta koma Charlotte, hutun da aka ba ta ya ƙare. Gidan zai yi mini girma.

Asabar, 11 ga Janairu, da safe

Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, ko motar gidan waya ba ta shigo layinmu ba. Ban samu zuwa asibiti ba. Amma fitila ta koma kore!

Na yi hamdala, na cire cajar, na naɗe wayarta tsaf na ɗora a kan kanta. Abin da ya ƙoshi me zai yi da ƙari? Ni ba na barin komai a jone. A Tudun Wada wuta ta taɓa dawowa da ƙarfi ta ƙone mana firji da talabijin rana ɗaya, tun daga nan ko cajar waya sai na zare kafin in bar ɗaki. Malam ya sha yi mini dariya, wai nan Amurka ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Lahadi, 12 ga Janairu, da magariba

Na kai masa faten wake. Bai ci ba.

Talata, 14 ga Janairu, da hantsi

Na samu aikin safe, kuma yana yi mini daɗi.

Babanmu yana da Besfa. Kullum bayan ya dawo masallaci da asuba, musamman lokacin sanyi, sai ya tayar da ita ya bar ta tana kuka a zaure yana shan koko. Yakan ce inji kamar mutum ne, in ba a ɗumama shi ba ciwo yake kamawa. To ni ma na fara. In na idar da azkar sai in sa rigar sanyin Malam a kan hijabina, in ɗaga ƙofar gareji, in tayar da babur ɗin ya ɗan yi kuka, in kashe.

Yau ƙawata Hamsatou ta same ni a haka. 'Yar Maraɗi ce, gidansu na bayan namu. Ta ajiye kwanon da ta kawo ta riƙe ciki.

"Yaya Rahama! Ke ce bisa moto? Bari in ɗauke ki foto in aika Nijar."

Na ce, "Ba bisa nake ba, gefe nake. Kuma in kika ɗauka sai na fasa wayar."

Mun sha shayi, ta sa ni dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Rabona da irin wannan tun bara.

Da na je asibiti na ce masa, "Batir lafiya lau." Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ban faɗa masa zancen ɗumamawa ba, na bar shi sai ya dawo ya ga yadda na riƙe amana.

Juma'a, 17 ga Janairu, bayan la'asar

Nanven ta ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ɗauka da hagu ya wurga ta ƙarƙashin gado. Ya ce, "Yara," wai abin wasan yara ne. Kalma ta biyu ke nan da muka samu, ita ma ba ta alheri ba ce.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ni kake yi wa? Ka fi son gidan tsofaffi da gidanka?" Ya rufe ido kamar mai barci. Na san barcinsa, wannan ba shi ba ne.

Bebi ta kira a hanya, ta kama ambaton sunan ciwon da Turanci, tana karanto mini abin da ta gani a waya. Na ce kada ta ƙara kiran sunan nan a kunnena. Ta ce, "Mama, not saying it doesn't change it." Na ce na sani, amma dai kada ta ƙara.

Wandonsa ya fara yi masa yawa.

Lahadi, 19 ga Janairu, da azahar

Dambu. Bai ci ba.

Talata, 21 ga Janairu, da safe

Sanyin yau ya wuce misali, har ruwan da na bari a mota ya daskare. Babur ɗin ya yi nauyin tashi, sai da ya yi ta nishi kafin ya kama. Na ce lallai sanyi ya shige shi. Na ɗauko bargon da muka sayo a Makka na lulluɓe shi tun daga kai har taya.

Alhamis, 23 ga Janairu, da safe

Na danna, ya yi ƙaƙ-ƙaƙ-ƙaƙ ya yi shiru. Na sake, ko ƙaƙ ɗin ma babu. Na ƙara masa bargo na biyu. Ba na jin yin rubutu.

Juma'a, 24 ga Janairu, da yamma

Wayyo daɗi! Bari in zauna in rubuta wannan tiryan-tiryan.

Na same shi yau ya fi kullum yin laushi, ko kunun bai taɓa ba. Nanven tana tsaye da takardunta, fuskarta ba walwala. Na rasa abin da zan yi, sai na tuna na ɗauki hoton babur cikin barguna. Na ce bari in nuna masa, ko ya ji sanyi a ransa. Ban yi niyyar cewa ya ƙi tashi ba.

Ya kalli hoton. Ya ƙara kallo. Idonsa ba a kan babur yake ba, yana kan kanta, inda cajar take a naɗe. Sai na ga hannunsa na dama, wanda yake kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, ya ɗago yana karkarwa, yatsa ya miƙe ya dungure gilashin wayar.

"Wa... ya ce... ki cire?"

Na ce, "Ai ya ƙoshi, Malam, kore ya nuna."

"Ba a... cirewa! Ita take... kashe kanta."

Ni kuma bakina ba ya shiru in an taɓa ni. Na ce ai ban bar shi haka ba, kullum da safe sai na ɗumama shi yadda Baba yake yi wa Besfa. Nan fa aka yi ta. Mutumin da kalma ɗaya take gagararsa sai ga shi yana zuba, harshe na sarƙewa yana turawa da ƙarfi. Wai tayarwa tana shan wuta fiye da yadda kukan tsaye yake mayarwa, sai an hau an yi tafiya. Wai Baba in ya ɗumama tasa ai hawa yake ya tafi kasuwa. Wai ni kullum ina ɗiba ba na zubawa. Da ya zo kan bargo sai magana ta ƙare masa, ya ce, "Bargo! Bargon Makka!"

Ina tsaye ana yi mini faɗa a gaban baƙuwa, hawaye na zuba, ina dariya kamar wadda aka yi wa bushara da kujerar hajji. Na ce, "Ƙara, Malam, ƙara faɗa." Ya ce, "Ba ki... da kunya."

Nanven ta ajiye takardunta ta kama hannun ta ce, "Baba, sake nuna mini abin da Mama ta ɓata." Ya sake nunawa. Ta kalle ni ta ce, "Mama, don Allah gobe ma ki ɓata wani abu."

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi

Na mayar da cajar, fitilar ta yi ta ƙyaftawa ta ƙi tsayawa. Hamsatou ta turo mijinta Tahirou, shi ma yana da ƙaramin babur da yake zuwa aiki. Ya ciro batirin, ya gwada da na'urarsa, ya girgiza kai.

"Hajiya, wanga batiri c'est fini, ya mutu. Dama ya tsufa, sanyi ya same shi ba kuran, ba ko ɗigon wuta a ciki."

Hamsatou ta ce na yi gyaran gangar Auzinawa. Na ce to ai danginta ne, ita ta fi ni sanin aikinsu.

Na yi dariya a gabansu, amma da suka tafi na zauna a kan matakala ni kaɗai. Abu ɗaya ya roƙe ni.

Litinin, 27 ga Janairu, bayan azahar

Na faɗa masa. Na shirya wa fushi ko shirun nan nasa da ya fi fushi ciwo. Sai ya ce, "Batir ne. Ana... sayen wani." Na ce Tahirou ya ce zai sayo ya ɗaura. Ya buga hannun kujera.

"Ya sayo. Kada... ya ɗaura. Kowa... kada ya taɓa. Ni."

Nanven ba ta bar maganar ta faɗi ƙasa ba. Ta ce, "Baba, da wane hannu? Noti ba ya ɗauruwa da baki." Ya harare ta, ta harare shi. Sannan ta tambaye ni ko akwai wani abin babur da ake matsawa da yatsu. Na tuna a kwalin cajar akwai wata wayar da ba a amfani da ita, mai 'yan ƙarafa biyu masu baki kamar na kada, ɗaya ja ɗaya baƙi. Ta ce in kawo gobe.

Laraba, 29 ga Janairu, da yamma

Ya ƙi ƙwallo amma ya karɓi bakin kada. Tun safe yake fama da jan, gumi har wuya. Bai buɗu ba tukuna.

Ya sha kunu ina kallonsa, bai ce in juya ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da safe

Sabon batir ya zo. Bisa umarnin Malam yana ɗakin wanki a kan katako, inda ba sanyi, cajar na jone. Kore.

Jarrabawata ke nan. Duk sanda na wuce sai hannuna ya tafi wajen soket da kansa. Jiya har na kama wayar, na tuna, na saki kamar na taɓa garwashi. Yanzu na liƙe wurin da salatif. In gidan nan ya kama da wuta, a shaida ba ni ba ce.

Talata, 4 ga Fabrairu, bayan la'asar

Jan ya buɗu! Ya maƙala shi a gefen mayafina ya ƙi cirewa, da shi na fito har wurin ajiye motoci mutane na kallona.

Yanzu gaisuwarmu ta canza. Ina shiga zai ce, "Launi?" In ce, "Kore." Ya ce, "Hoto." Wai bai yarda da ni ba, kuma da gaskiyarsa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da azahar

Yau ba daɗi. Ya gwada cokali da dama, shinkafa ta watse a ƙirjinsa a gaban wani baƙo da ya zo dubiya. Ya ture tiren. Bai tambayi launi ba, ni ma ban faɗa ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da hantsi

"Launi?"

"Kore."

Laraba, 12 ga Fabrairu, da yamma

Sun zauna a kansa yau, likita da Nanven da wata mata mai kula da sallama. Bebi tana kan waya. Na sa atamfata mai kyau kamar mai zuwa biki.

Likita ya yi bayani mai tsawo. Abin da na tsinta shi ne gida, ranar Asabar. Za a riƙa zuwa ana yi masa motsa jiki, zai yi tafiya da sanda. Game da hawa babur ya ce kada a sa rai bana, wataƙila ma gaba. Na saci kallon Malam. Ya ce, "Ban ce... hawa ba. Ɗaurawa."

Na rungume Nanven har ta ce, "Mama, za ki karya ni." Na yi mata alkawarin kilishi. A mota na buɗe gilashi duk da sanyi na yi guɗa a kan titin Wendover, wani Bature a motar gefe ya ɗaga mini babban yatsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ya dawo.

Na gyara falo, na kunna turaren wuta, Hamsatou ta cika teburi. Mutumin nan ko kallon ƙofar falo bai yi ba, ya dogara sandarsa ya nufi gareji. Bebi, da ta zo daga Charlotte, ta ɗauko batir, Tahirou ya kawo kujera, ni aka ba ni tocila aka ce in haska kawai, kada in taɓa komai.

Aikin da Tahirou zai gama kafin shayi ya huce, shi ya cinye mana yamma. Sukundireba ta faɗi, ya ɗauka. Ta sake faɗi. Noti ya gangara ƙarƙashin firiza, Bebi ta kwanta ta zaro. Tahirou ya miƙa hannu zai taimaka, Hamsatou ta make shi. Malam ya ci gaba yana numfashi sama-sama. Jar waya ya fara ɗaurawa, sannan baƙa.

Da ya gama Bebi ta ce, "Baba, start it!" Ya girgiza kai. Ya ce ba a tayarwa in ba tafiya za a yi ba, ya kalle ni da gefen ido. Ya jona cajar da kansa, ya zauna yana kallonta yana haki. Na ƙyale shi, yau ranarsa ce.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Baƙi sun tafi, Bebi tana sama tana waya. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na kawo masa da cokali a gefen tire. Na tashi zan ba shi wuri kamar yadda na saba. Ya ce, "Zauna."

Ya ture cokalin. Ya ce in kawo ruwa, ya wanke hannu, na dama. Ya yi bisimilla ya kai shi cikin kwano. Lomar farko ta suɓuce ta koma miya, ta fantsama a farar rigar da na goge masa da safe. Na riƙe bakina. Ta biyu ya murza ta a hankali, ya ɗago, hannun na rawa tun daga kwano har baki, ta isa.

Ya tauna, ya haɗiye. Sannan ya ce, "Gishiri... ya yi yawa."

Ƙarya yake, daidai yake. Na ƙara masa tuwo, ya cinye.